Yajina da Sunan da Ba Na Faɗa

Abin nan ya faru ne bayan cutar da ta sa aka kulle masallatai, kafin ruwan saman nan da ya shiga gidajen mutane har ya jiƙa mini buhun barkono. In kuna so ku ƙara matsowa kusa, shekarar da dabinon tsakar gidanmu ya fara 'ya'ya na kirki ce, wadda haƙorina na gaba ya tsaya a jikin ƙashin rago ran Babbar Salla. Lambar shekarar ban san ta ba, ban kuma tambaya ba. Autata ce ke riƙe da alƙalami yanzu, ni ina faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, har wuraren da ba ta so, don da ita aka yi rigimar.

Ni mutuniyar Damagaram ce. Na zo nan Sabha, ƙasar Larabawa, a bisa kayan babbar mota, da goyon ɗana na fari, na biyo mai gidana da ya riga ni zuwa. Shi magini ne. Gidaje da yawa a unguwar Sukra hannunsa ne, ya kuma daɗe yana aiki a garin Tamanhint, sai ran Alhamis da yamma mu gan shi fari fat da siminti. Ni kuwa turmi na kama. 'Yan ƙasarmu masu aikin gini da masu aikin mazra'a, gonakin Larabawan nan na bayan gari, abincinsu makaroni da safe, makaroni da rana. Wanda ya samu yaji mai kyau ya barbaɗa, ya ci abinci. Wanda bai samu ba, ciki kawai ya cika. To, nawa yajin suke saye. Barkono, citta, masoro, kimba, kanumfari, tafarnuwa, ƙuli-ƙuli, da wani abu guda da ba zan sa a takarda ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ƙofar gidanmu a unguwar Abdulkafi cika take yi. Ba su taɓa tambayar sunan yajin ba. Cewa suke, a ba mu na tsohuwa, tun ma ban tsufa ba.

Akwai abin da sai na faɗa tukun, saboda yaran yanzu. Tun ranar da aka kai ni ɗakin mai gidana har ranar da aka fitar da shi a makara, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Bayan mutuwarsa ma bai fita ba. Haka na ga uwata ta yi, haka kakata. Ba tsoro ba ne, ba wanda ya taɓa ce mini kar ki faɗa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya ko ga akuya. Abu ne nawa, ni na riƙe masa shi. In wani cikin masu sayen yaji sunansu ɗaya da shi, sai in ce da shi Mai Sunan Malam, kuma ya san da shi nake. Ranar da ya rasu a asibiti, ma'aikacin da ke cika takarda ya tambaye ni sunan mamacin da Larabci, ya sake tambaya, ya ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Na tsaya ina kallon bango har maƙwabcinmu ya iso ya faɗa.

To, shekarar da nake ba ku labari, akwai wani Bakano ɗan kasuwa da ke ɗaukar kaya daga nan ya kai Tarabulus. Tsakaninmu da Kanawa akwai wasa tun kakanni, saboda haka ba ya shigowa gidana sai da tsiya a bakinsa. Ran nan ya shigo, ya zauna a tabarma, ya lashi yaji a tafin hannu, ya ce, "Hajiya, ke dai Allah ya ba ki hannu ya hana ki dabara. Wannan abin a ƙulle a leda kamar maganin basir? Masu kanti a can sun ɗanɗana, suna so. Amma sai da fakiti, da suna a jiki, da adireshi na intanet wanda mutum zai buɗe a waya ya gani."

Na ce, "Ku Kanawa ko ruwan rijiya kuka samu sai kun sa masa hula kafin ku sayar."

Ya ce, "Shi ya sa muke hawa mota, ku kuna hawa kayan mota."

Autata tana gefe tana jin mu. A nan Sabha aka haife ta, ta yi makarantar Larabawa, tana da mijinta da 'ya'yanta, ba yarinya ba ce. Ita ta riga ta ɗauki maganar tun kafin ya gama. Ta ce akwai wani abu da ake sawa a salula, aikinsa ke nan: ka gaya masa abin da kake sayarwa, ya zubo maka sunaye, ya kuma duba maka ko wani ya riga ka ɗauka. Na ce wane irin ɗauka? Ta ce, "Inna, ki ɗauka kasuwa ce a cikin waya. Kowa da rumfarsa, kowace rumfa da suna a ƙofa. Suna ɗaya ba ya zama na mutum biyu, ko da ɗaya yana Agadas ɗaya yana Sin. In sunan yana nan ba mai shi, abin zai nuna kore. In an ɗauka, ja."

Na ce to, a kawo mai raɗin sunan in gan shi. Ban yarda a yi a bayana ba. Ni ke daka, ni zan zauna a wurin suna.

Muka zauna da hantsi a gindin dabino, ni da ita da Bakanon, da ƙawata 'yar garin Tawa da ke taya ni tankaɗe. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, rezo, sabis ɗin waya, yana zuwa yana tafiya, sai autata ta riƙa ɗaga salular sama kamar mai shanya. Da yake ni ba na karatu, ta kunna masa murya don in ji da kunnena. Muryar mace ce, siririya, irin ta masu sanarwa a filin jirgi.

Ya fara da tambayoyi. Me kuke sayarwa? Na ce a ce masa yaji. Wa kuke sayar wa? Na ce masu baki. Kuna son suna mai wasa ne ko mai nauyi? Na ce a ce masa ni ba sa'arsa ba ce. Autata ta rubuta abin da ta ga dama, ban san me ta rubuta ba. Kafin in gyara zama ya zubo sunaye kamar an kwance bakin buhu.

Wutar Hamada. Gimbiyar Barkono. Zinariyar Kudu. Aljannar Harshe. Wasu rabi Larabci rabi Faransanci, ba uwa ba uba. Ƙawata ta ajiye rariya ta riƙe ciki. Ta ce, "Gimbiya! Ke ce gimbiyar, da wannan zanen naki mai warin tafarnuwa?" Na ce, "Ki tambaye shi, shi ya ga abin da ba ki gani ba." Amma na ce a wuce. Yaron da ya wuni yana ɗaukar bulo ba zai tsaya a ƙofata ya ce a ba shi Aljannar Harshe ba, abokansa za su yi masa dariya har Niamey.

Sai na ce bari in ba shi nawa, shi ya duba kawai. Yajin Inna. Ja. Yajin Hajiya. Ja. Yajin Gida. Ja. Yajin Damagaram. Ja, wai wani ya riga ni, ni da aka binne cibiyata a can. Na ce Yajin Ƙasa, tunda duk wanda ya ci ƙasarsa yake tunawa. Ya nuna kore. Har na fara murmushi, sai muryar ta karanta, ta ce Yajin Kasa. Na ce a gaya mata ƙasa, ba kasa ba. Autata ta ce a ƙofar rumfar ba a iya sa harafin nan namu mai ƙugiya, dole a miƙe shi. Bakanon ya faɗi gefe yana dariya. Ya ce, "Hajiya, zaɓi ɗaya: ko yajin macijiya, ko yajin wadda ta kasa." Na ce a goge.

Zan faɗi gaskiya a kan abin nan, don ba na cin haƙƙin ko na'ura. Yana da sauri. Ba ya gajiya, ba ya fushi. Ka ƙi sunansa ashirin, ya kawo maka wasu ba tare da ya ɓata rai ba, abin da ko limamin unguwarmu ba zai jure ba. Kuma a wajen duba rumfa bai yi mana ƙarya ba. Duk wanda ya ce an ɗauka, autata ta buɗe ta gani, an ɗauka ɗin. Da ƙafa za a yi wannan yawon, da sai takalmi ya ƙare. Wanda yake son ya san ko ƙofa a buɗe take, ya tambaye shi, zai gaya masa daidai. Amma bai san bakin wa sunan zai zauna ba, bai kuma tambaya ba.

Da rana ta fara zafi, sai abin ya ce, ku gwada sunan iyalinku, mutane suna yarda da kayan da ke ɗauke da sunan gida. Ni ban ji wannan ba a lokacin, na tashi juya barkonon da na shanya. Ku kun san yadda takardun ƙasarmu suke: sunan yaro, sai sunan ubansa. Autata ta sa abin da ke jikin takardarta.

Ina duƙe a kan tabarmar barkono na ji muryar matar nan ta kira sunan mai gidana. A tsakar gidansa. Tsirara, ba Malam, ba Alhaji, ba marigayi. Ta ce Yajin wane, ta kuma maimaita, wai don mu ji daɗinsa a kunne.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wace ce wannan?" Na san salula ce, ba hauka nake ba. Amma abin da ya fito ke nan.

Autata ba ta ma ji ni ba. Idonta ya kawo ruwa, tana nuna wa Bakanon fuskar salular. Ta ce, "Kore ne, Inna! Ko'ina kore. Sunan Baba. Ba wanda ya ɗauka." Bakanon ya tafa hannu ya ce magana ta ƙare. Gajere ne, Balarabe zai iya faɗa, Bahaushe zai iya faɗa, ba harafi mai ƙugiya. Abin da kansa ya ba sunan maki fiye da duk na baya. Bakanon ya ce a kama shi yau kafin wani ya farga.

Na ce, "Ba za a sa ba."

Autata ta ce, "Inna, girmama shi za mu yi. Mutumin da ya gina rabin Sukra, ko a bango ɗaya ba a rubuta sunansa ba. Yanzu zai je Tarabulus, zai je Misrata."

Na ce, "Zai je a bakin wa? Ki tsaya ki ji yadda ake sayen yaji, tunda kin manta. A ba ni wane guda biyu. Wane ya ƙare? Wane na wannan makon ya cika gishiri. Wane ya sa ni gudawa. In sun cinye su jefar da fakitin a kwata, akuya ta tauna. Wannan ne girman?"

Ta ce kowane suna haka ake yi masa, har sunayen manyan mutane suna jikin gwangwani.

Na ce, "Su matansu suka yarda. Kuma ki gaya mini, in mace ta tsaya a gabana ta ce, Hajiya, mene ne sunan yajin nan naki, me zan ce mata? In nuna mata da baki? Kayana, daga turmina, in kasa kiran sunansa?"

Ta ce, "Sai ki faɗa mana, Inna. Wa ke wannan kunyar yanzu? Baba ya rasu. Kuma sunan nan nawa ne ni ma, shi ake kira na da shi tun ina makaranta."

Nan ne ta fi ni gaskiya ta wani gefen, kuma na sani. Sunan ubanta ne, ba zan ƙwace mata ba. Amma ita ɗiya ce, ni mata ce. Ba wuri ɗaya muke tsaye ba.

Ƙawata ma ba ta goyi bayana ba. Ta ce, "Ke, mi kike ma tsoro? Ni na faɗi sunan nawa gaban 'yan sanda a bawwaba, da ƙarfi, har sau nawa. Ga ni, ban mutu ba, shi ma bai mutu ba sai da kwanansa ya ƙare." Bawwaba shingen bincike ne na kan hanya. Na ce, "Ke bindiga aka nuna miki. Ni fakiti ake nuna mini."

Bakanon ya miƙe yana karkaɗe riga. Ya ce, "Hajiya, ki yi tunani. Damagarawa da taurin kai, shi ya sa har yau ba ku ci Kano ba." Na ce, "Mun zo ƙofarku dai, kun kulle." Ya tafi yana dariya, yana ganin kwana biyu zan sauko.

Na san abu ɗaya: salular a hannunta take. In ta ga dama ta danna, an gama, ba sai da ni ba. Ni ba ni da abin dannawa. Abin da nake da shi turmi ne. Washegari da safe na share tsakar gida, na kife turmin, na jingine taɓarya a bayan ƙofa, na ɗaure bakin buhunan barkono. Na shimfiɗa tabarma na zauna da carbina.

Autata ta zo ta gani. Ta ce, "Inna, mene ne haka?" Na ce, "Ki sa sunan. Sai ki nemo abin da za ki zuba a ciki."

Ta yi fushi ta koma gidanta. Ta gwada dakawa da kanta a can, na ji labari. Ta san kayan haɗin, abin nan guda ɗaya ne ba ta san awonsa ba, kuma ban hana ta sani don mugunta ba, ba ta taɓa zama ta koya ba ne.

Juma'a ta zo, masu aiki suka cika ƙofa. Na leƙa na ce babu. Suka ɗauka wasa ne. Wani dogon Ba'adare mai aikin mazra'a, wanda ya daɗe yana saye a wurina, ya leƙo ya ga turmi a kife. Ya juya ya ce wa na baya, "Jama'a, yau mun shiga uku. Tsohuwa ta yi yaji!" Aka fashe da dariya har titi. Wani ya ce a tura biko. Wani ya ce wa ya taɓa ta, a kawo shi a sa shi cin makaroni gaya har wata ya mutu. Na ce su je su tambayi mai salula. Ban gaya musu dalili ba, don in na fara bayani sai an kai ga sunan.

Haka Juma'a ta biyu ta wuce. Ba zan ce ban ji a jikina ba. Hannun da ya saba daka, in ya zauna, ciwo yake. Kuma ina ganin yaran nan suna juyawa hannu wofi, wasu daga nesa suka biya mota suka zo. Ɗaya ya ce mini, "Mama, ko ɗan na cikin gwangwaninki na miya." Na ba shi, na ce kar ya faɗa. Amma turmin ban tayar ba. A unguwa kuwa maganar ta kama. Yara in sun wuce sai su ce gidan tsohuwa ta yi yaji. Har Balaraben da ke sayar mana da gas ya koyi faɗa, yana karya ta.

Ranar da autata ta dawo, ita kaɗai ta zo, ba Bakanon. Ta gaishe ni a tsaye, sannan ta zauna. Na ce, "Kin danna?" Ta ce ba ta danna ba. Na ce, "To ɗauko shi. Kashe muryar matar nan tukun. Ki tambaye shi, tunda ya san komai: matar mai sunan ba ta iya faɗin sunan, yaya za a yi?"

Ta rubuta. Ta jira rezo. Sai na ga ta toshe baki da gefen mayafi. Na ce me ya ce? Ta ce ya ba da haƙuri, ya ce in sunan yana da wuyar furtawa ga tsofaffi, ga shi ya gajarta shi. Ya ɗauka harshena ne ya gaza. Ya yanke sunan ya mai da shi irin wanda ake kiran yaro da shi a wurin ƙwallo, har kala-kala, ya ce waɗannan ma duk kore ne.

Na ce, "Karanta mini."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "A'a, Inna." Tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Baba ne fa." Na ce, "Ashe."

Kar ku ɗauka ta sauko. Autata jinina ce. Ta share ido ta ce, "Na ji. Amma ki san abu ɗaya. In mu ba mu ɗauka ba, yana nan a buɗe. Gobe wani mai sayar da taba, ko takalmi, ko abin da ya fi haka muni, zai iya ɗauka ya rataya a ƙofarsa. Ba ki da bakin hana shi."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Na san mutane da yawa suna da sunan, ba shi kaɗai ba. Amma tun da na ji an haɗa shi da yajina a tsakar gidan nan, rumfar nan ta zama tasa a wurina. Na ja carbi. Na ce, "Ana iya kama rumfa a kulle ta, ba a sa komai a ciki?" Ta ce ana yi, sai dai duk shekara a sabunta haya. Na ce, "Kama. Ki kulle. Kar ki sa hoto, kar ki sa barkono ko ƙwaya ɗaya. Hayar daga turmina za ta fita."

Ta ce, "Rumfa ba kaya? Mutane za su ce mun haukace."

Na ce, "Su wa za su sani? Ke ce za ki faɗa ko ni?"

Ta danna a gabana. Ta nuna mini, koren ya koma ja. Ban taɓa jin daɗin ganin ja irin na ranar ba.

Saura yajin. Ta ce to me za a sa masa, tunda Bakanon yana jira. Na ce, "Ai an riga an raɗa masa a ƙofar gida, ba ki nan. Sa Tsohuwa Ta Yi Yaji." Ta ce wannan ba suna ba ne, magana ce. Na ce a tambayi malamin cikin salula. Abin ya duba ya ce kore ne, amma ya yi tsawo, yana da wuyar tunawa, baƙi ba za su gane ba, ya ba shi maki kaɗan ya kawo wasu gimbiyoyin. Na ce, "Aikinsa ya duba ƙofa, ya duba. Sauran ba da shi ake ba." Na tashi na tayar da turmina.

Bakanon bai ji daɗi ba. Ya ce masu kantin Tarabulus ba za su iya karanta wannan waƙar ba, kuma gaskiyarsa, da yawa ba su karɓa ba. Ya ɗauki kaɗan, daga baya ya koma ɗaukar na wata mata a Sukra da ta yarda aka sa wa nata Zinariya. Na ji an ce tana samu. Allah ya ƙara mata. Nawa kuwa 'yan ƙasarmu da ke Misrata da Tarabulus su ke nema ta waya, suna aiko saƙon murya suna dariya tun kafin su faɗi nawa suke so. Bai kai abin da autata ta yi mafarki ba, ta kuma gaya mini haka ba sau ɗaya ba. Yanzu ma da take rubutawa ta ɗago ta dube ni. Rubuta, ke dai.

In mace ta tambaye ni sunan yajina, ina faɗa da bakina, da ƙarfi, har na bayanta ya ji.

Cikin waɗanda na ambata a labarin nan, ƙawata 'yar Tawa ta rasu bara da azumi, Allah ya jiƙanta, har ta tafi ba ta daina ce mini gimbiya ba. Bakanon yana raye, ya koma garinsu da ciwon ƙafa, yana aiko gaisuwa da tsiya. Dogon Ba'adaren an ce ya koma gida ya yi aure, ban sake jin labarinsa ba. Abin raɗin sunan ma autata ta ce an canza shi, yanzu wani ne daban. Sai ita, ga ta nan. Ta gaya mini a fili, ranar da na mutu za ta buɗe rumfar ta rubuta sunan ubanta manya-manya. Na ce ubanta ne, ta yi yadda ta ga dama. Amma ni ma ina cikin masu rai, ina cin tuwona, ina daka da safe. Ta jira.